RAUNI SHAIDA NE: Abin da Ya Kamata Hakimi da Malaminsa Su Sani Game da Harbin Bindiga da Ƙunar Wuta

An shirya wannan ɗan littafi ne domin hakimai da malamansu, da dagatai da masu unguwa da ke ƙarƙashinsu. Sa'ad da aka harbi mutum a daji, ko gobara ta ci ɗaki da mutum a ciki, kafin labari ya kai ga 'yan sanda ko likita, mai unguwa ya ji, dagaci ya ji, an kai wa hakimi. Galibi malamin hakimi shi ne mutum na farko mai alƙalami da zai tsaya a kan gawar. Abin da ya gani ya rubuta a wannan sa'a, da abin da ya hana a taɓa, sau da yawa shi ke raba mai laifi da marar laifi a gaban alƙali bayan wata shida ko shekara guda.

Mai ba da shaida ya kan manta, ya kan ji tsoro, ya kan kare ɗan'uwansa. Rauni kuwa ba shi da dangi, abin da ya faru shi ya ke nunawa. Sai dai shaidarsa ba ta da wuyar gogewa, ruwa buta ɗaya ya isa ya wanke ta. Dokar Final Kot ta 1959 ta bambanta kisan ganganci, wanda sashe na 221 ya yanke wa hukuncin kisa, da kisan da bai kai wannan matsayi ba. Shari'ar Musulunci ma ta raba ganganci da kuskure, ɗaya ƙisasi, ɗaya diyya. To, maharbi ya ce daga nesa ya hangi motsi cikin duhuwa, ya zaci gada ce, ya harba. In raunin ya nuna bakin bindiga bai fi taƙi guda daga ƙirjin mamacin ba, magana ta sake. In kuwa an wanke gawar, an ƙone rigar, ba mai iya gaskata maharbin ko ƙaryata shi har abada.

Wannan ilmi ya daɗe. A shekarar 1247 wani babban alƙali na ƙasar Sin, mai suna Sung Tsi, ya rubuta littafi a kan binciken gawa domin ma'aikatan gundumomi, watau masu irin aikinku, don kada su yanke wa mutane hukunci bisa zato.

KASHI NA ƊAYA: MAI RAI YA RIGA SHAIDA

In wanda aka harba yana da sauran numfashi, ceton ransa ne a gaba da kome. A danne inda jini ke zuba da tsabtataccen ƙyalle, a danne da ƙarfi, a ɗauke shi zuwa asibiti nan da nan. Kada a bar wanzami ko wani mai magani ya tona neman harsashi. Doka ta 2017 a kan jiyyar waɗanda aka harba ta wajabta wa kowane asibiti a Nijeriya, na gwamnati ko na kuɗi, ya karɓi wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba, sa'an nan asibitin ya sanar da 'yan sanda cikin sa'a 2 da fara magani. Ya kamata hakimi ya sa a bayyana wa talakawa wannan, gama tsoron 'yan sanda ya sa an ɓoye mutane da yawa a gida har jini ya ƙare musu.

Wanda ya ƙone, a riƙa kwarara wa ƙunar ruwa mai sanyi har minti 20. A cire zobe da munduwa da agogo kafin wurin ya kumbura. Tufar da ta manne da fata a bar ta. Kada a shafa ɗanyen ƙwai, ko manja, ko tawada, ko man goge baki, ko kashin shanu, ko ƙanƙara. Waɗannan suna sa ƙunar ta ruɓe, suna kuma ɓoye kamanninta ga likita.

KASHI NA BIYU: HARBIN BINDIGA

Abin da ke fita daga bakin bindiga

Sa'ad da aka ja kunama, abu biyar ke fita: harsashi, da harshen wuta, da iska mai ƙarfi, da hayaƙi, da ɓarɓashin albarushi wanda bai gama ƙonewa ba. Kowanne da iyakar inda ya ke kaiwa. Wuta da iska su kan tsaya nan kusa, hayaƙi ya ɗan ƙara gaba, ɓarɓashi ya wuce hayaƙi, harsashi ya wuce su duka. Wanda ya riƙe wannan ya riƙe tushen darasin, domin da abin da ya isa jikin mutum a ke gane nisan da aka harbe shi.

Mashiga da mafita

Mashigar harsashi galibi 'yar ƙarama ce, zagayayyiya, gefenta yana da zobe na ƙujewa inda harsashi ya gurje fata yana shiga. In zoben ya yi daidai ko'ina, harsashi ya shiga a miƙe. In ya fi faɗi ta gefe ɗaya, daga wannan gefen ya zo. A kan riga kuma a kan ga wani baƙin zobe siriri a bakin hudar, inda harsashi ya goge dattinsa.

Mafita galibi ta fi girma, a yage ta ke, leɓunanta sun juyo waje, ba hayaƙi, ba ɓarɓashi. A ƙoƙon kai likita yana da wata alama tabbatacciya: hudar ƙashi ta kan buɗe kamar mazurari, bakinta mai faɗi yana fuskantar inda harsashi ya nufa.

Amma a lura da kalman nan, galibi. In an ɗora bakin bindiga a kan goshi ko gefen kai, iska ta kan shiga tsakanin fata da ƙashi ta fasa fatar kamar tauraro, har mashiga ta fi mafita girma. Wata mafitar kuma ƙarama ce kamar tsagar aska. Ko manyan likitoci sun ruɗe a nan. Ran 22 ga Nuwamba, 1963, da aka harbi Shugaba Kennedy na Amurka a birnin Dalas, likitocin da suka fara karɓarsa sun ga wata 'yar huda a gaban wuyansa, suka tsaga ta daidai wurin don su sa masa bututun numfashi, ɗayansu kuma ya gaya wa 'yan jarida ta yi kama da mashiga. Likitocin da suka binciki gawar daga baya suka ce mafita ce ta harsashin da ya shiga ta baya. Har yau ba a daina gardama a kai ba. Saboda haka kada malami ya rubuta "nan harsashi ya shiga". Ya rubuta girman hudar, da siffarta, da inda ta ke, ya bar sauran ga likita.

Nisan harbi

1. Baki a jiki. In bakin bindiga ya taɓa fata, hayaƙi da ɓarɓashi su kan shige cikin raunin, gefensa ya ƙone ya yi baƙi. Wani lokaci a kan ga shatar bakin bindigar a kan fata kamar an buga hatimi.

2. Kusa ƙwarai. Hayaƙi ya kan bar baƙi kewaye da raunin, gashin wurin ya babbake. Ga libarba, watau ƙaramar bindiga ta hannu, wannan bai cika wuce santimita 30 ba, kamar ƙafa guda. Wannan baƙi yana gogewa da ruwa ko tsumma, shi ya sa wankan gawa ke hallaka shi.

3. Tsaka-tsaki. Hayaƙi ya kasa, amma ɓarɓashi ya iso, ya huda fata ɗigo-ɗigo kamar an watsa barkono. Wannan ba ya wankuwa, domin ƙananan raunuka ne. Ya kan kai santimita 60, da wani irin albarushi har mita 1. A kan baƙar fata yana da wuyar gani, sai an duba da haske sosai.

4. Nesa. Harsashi kaɗai ya iso. Daga nan rauni ba ya faɗin nisa: harbin mita 5 da na mita 50 kamanninsu ɗaya.

Waɗannan ƙididdiga kusantawa ce kawai. Tabbatacce shi ne masanin bindigogi ya ɗauki ita bindigar da irin harsashinta, ya harba a kan farin ƙyalle daga nisa dabam-dabam, ya gwada da abin da ke jikin mamacin. A tuna kuma riga ta kan tare hayaƙi da ɓarɓashi, fata ta fito fes kamar harbin nesa, alhali shaidar duka tana kan rigar. Wanda ya yar da riga ya yar da rabin shari'a.

Bindigar toka da mai baki biyu

Mafi yawan harbin da zai zo gaban hakimi a ƙauye na bindigar toka ne, ko na mai baki biyu ta farauta. Waɗannan 'ya'yan darma su ke watsawa. Cikin kamar mita 1 'ya'yan suna tafe a dunƙule, su yi huda ɗaya babba. Daga nan gefen hudar ya fara yin tsaga-tsaga, sa'an nan ƙananan hudoji su bayyana kewaye da babbar. Bayan 'yan mitoci babbar huda ta ɓace, sai ƙanana a warwatse. Malami ya auna faɗin watsuwar da rula, tsaye da kwance, domin da shi masani zai kimanta nisa.

Albarushin bindigar toka ya fi na bature hayaƙi da wuta, har ya kan kama riga. Maharba su kan ɗura mata guntayen ƙarfe, ko ƙusa, ko ƙwallayen keke, su danne da tsumma ko takarda. In an sami wannan tsumma a cikin rauni ko a ƙasa, a adana shi, gama ya yiwu ya dace da wanda aka yage shi daga jikinsa a jakar maharbin. Bindigar toka kuma ta kan fashe a hannun mai ita in an cika mata ɗuri. Raunin ya kan kasance a hannun da ke riƙe da bututu, da fuska.

Harsashi da kwansonsa

A cikin bututun libarba da bindigar soja akwai tsagogi a murɗe, waɗanda ke sa harsashi ya riƙa juyawa. Suna barin zane a jikinsa, kowace bindiga kuwa da irin ƙananan tabonta. Kwanson da ya faɗi ƙasa shi ma yana ɗauke da shatar allurar da ta buge shi. Masani ya kan harba bindigar da a ke tuhuma a cikin ruwa ko auduga, ya jera harsashin biyu a ƙarƙashin madubi mai ƙara girma, ya gwada.

Ran 19 ga Nuwamba, 1924, aka harbi Sir Lee Stack, Gwamnan Sudan, a kan titi a Alƙahira, ya mutu kashegari. Likitan shari'a na gwamnatin Masar, Sydney Smith, ya adana harsasai da kwansayen da aka tsinta. Da aka kama waɗansu mutane da bindigogi a 1925, ya harba su ya gwada, ya nuna wadda ta yi kisan. Da an bar yara sun kwashe kwansayen nan, da ba abin da zai gwada. A ɗaya gefen kuma, a 1915 an yanke wa wani ɗan ƙodago mai suna Charles Stielow hukuncin kisa a jihar Niyok ta Amurka, bisa shaidar wani da ya kira kansa gwani, ya ce daga libarbarsa harsasan suka fito. Da aka sake dubawa da kyau, aka ga ba daga ita ba ne, aka sake shi a 1918. Ashe shaidar wanda bai ƙware ba ta fi rashin shaida haɗari.

Shi ya harbi kansa, ko harbinsa aka yi?

Wanda ya harbi kansa, galibi bakin bindiga yana jikinsa, a wurin da hannunsa ke iya kaiwa. In an ce mutum ya kashe kansa da doguwar bindiga, a auna tsawonta daga baki zuwa kunama, a auna hannunsa. In kuwa raunin na nesa ne, ko a baya ya ke, lalle akwai abin tambaya. Ganin bindiga a hannun gawa bai isa hujja ba, kowa na iya sa ta.

KASHI NA UKU: ƘUNAR WUTA

Hukumar Lafiya ta Duniya ta kimanta ƙuna tana kashe mutum wajen 180,000 kowace shekara, mafi yawansu a ƙasashe marasa wadata. A ƙasarmu an san hanyoyinta: kaskon wuta da hunturu, fitila da risho da aka zuba wa kananzir mai haɗe da fetur, tafasasshen ruwan wankan jego, yaro da tukunyar koko, mai farfaɗiya da ya faɗa murhu, da motar fetur da ta kife. Mafi yawa tsautsayi ne. Amma mugu ya san wuta tana cin shaida, shi ya sa ba a karɓar kowace gobara a kan tsautsayi sai an duba.

Zurfi da faɗi

Ƙuna hawa uku ce. Ta fari, fata ta yi ja ko ta ƙara duhu, da raɗaɗi, ba ta tashi ba. Ta biyu, ta yi bororo, ta ɗuri ruwa, da zafi mai tsanani. Ta uku, ta cinye fata duka, wurin ya yi fari ko baƙi, ya ƙandare kamar ƙirgi, ba ya zafi domin jijiyoyin ji sun mutu. Kada rashin kukan majiyyaci ya ruɗe ku, marar zafin ita ce mafi muni.

Faɗi kuwa a kan auna shi da ƙa'idar tara-tara, wadda wani likita mai suna Wallace ya bayyana a 1951. A jikin baligi, kai da wuya kashi 9 ne cikin 100, kowane hannu 9, kowace ƙafa daga cinya zuwa tafi 18, gaban gangar jiki 18, baya 18, al'aura 1. Ga jariri kai ya kan kai 18, ƙafafu su ragu. Hanya mafi sauƙi ga malami ita ce tafin hannun shi wanda ya ƙone, haɗe da yatsu, kusan kashi 1 ne cikin 100. Sai ya rubuta "ƙuna kamar tafi 6 a baya".

Siffar ƙuna

Ruwan zafi da ya zubo bisa tsautsayi ya kan fi ƙona inda ya fara sauka, ya gangara yana raguwa, da ɗigo-ɗigon fantsama a gefe. In kuwa an tsoma hannun yaro ko ƙafarsa da gangan aka riƙe, ƙunar ta kan yi iyaka a miƙe kamar ya sa safa, zurfinta ɗaya ko'ina, ba fantsama. Ƙarfe mai zafi ya kan bar siffarsa: wuƙa, ko cokali, ko dutsen guga. Wutar taba sigari ta kan bar zagayayyen tabo wanda bai kai santimita 1 ba, sau da yawa fiye da ɗaya. In an ga irin waɗannan a jikin yaro, ko 'yar aiki, ko almajiri, ko matar aure, a bayan hannu, ko ɗuwawu, ko tafin ƙafa, labarin da aka bayar kuma bai dace da su ba, wajibi ne a kai maganar gaba. A tambaya kuma ko an yi wa mutumin sakiya, don kada a ɗauki tabon magani a kan azaba.

Wutar lantarki ta kan bar ɗan tabo busasshe, fari, mai rami a tsaka, galibi a yatsa ko tafin hannu. Tsawa kuma wani lokaci ta kan bar jan zane a fata kamar rassan itace, wanda ya kan ɓace cikin kwana guda, saboda haka a ɗauki hotonsa tun da wuri.

Da rai wuta ta same shi, ko a mace?

Wannan ita ce babbar tambaya a kan kowace gawa da aka fitar daga gobara. A tsofaffin littattafan shari'a na Sin akwai labarin wata mace da ta ce gobara ce ta kashe mijinta, dangin mijin suka ce ita ta kashe shi. Alƙali ya sa aka kawo aladu biyu, ɗaya a mace, ɗaya da rai, aka ƙone su tare. Aka sami toka a bakin mai ran, ba a samu a bakin mataccen ba. Aka duba bakin mijin, ba toka. Matar ta amsa laifinta.

Likitan yau a kan wannan hanya ya ke, sai dai ya fi zurfafawa, domin toka na iya faɗawa bakin gawa in a buɗe ya ke. Ya kan buɗe maƙogwaro ya duba can ƙasa wajen huhu. In akwai baƙin hayaƙi a can, mutumin yana numfashi sa'ad da wuta ke ci. Ya kan kuma auna jini, ya nemi wata iskar guba marar wari da ke cikin hayaƙi, mai suna kabon monoksaid. In ta kama fiye da kashi 10 cikin 100 na jan sinadarin jini, alama ce ya shaƙi hayaƙi da ransa. In ta wuce 50, galibi ita kaɗai ta isa kisa. Ta kan sa jini da tsoka su yi ja jawur, a kan ga alamarta a farce da cikin leɓe. Ita ce kuma ke kashe mutanen da suka kwana da kaskon garwashi ko janareta a rufaffen ɗaki, a wayi gari a same su ba ƙuna ko kaɗan.

Rashin waɗannan alamu bai tabbatar da kisa ba, domin wutar fetur da ta tashi gaba ɗaya ta kan kashe mutum kafin ya shaƙi hayaƙi mai yawa. Amma dalili ne na ƙara bincike, har da ɗaukar hoton ƙashi, gama harsashi ya kan zauna a cikin gawa ko da ta zama gawayi.

Abubuwa uku masu ruɗi

Na ɗaya, gawar da ta ƙone ta kan tanƙware, hannuwa a dunƙule a gaban ƙirji kamar ɗan dambe ya ja tunga. Mutane su ce da faɗa ya mutu. Zafi ne kawai ya janye tsoka, ko gawar da ta riga ta mutu haka za ta yi. Na biyu, fata ta kan tsage don zafi kamar saran adda, amma ba jini a cikin tsagar. Na uku, ƙoƙon kai ya kan fashe don zafi, jini ya taru ya dahu a ƙarƙashinsa kamar an yi duka. Likita kaɗai ke iya raba waɗannan da rauni na gaskiya. Hakimin da ya sa aka kama mutum saboda ɗayansu ya yi gaggawa.

Gane mamaci

Wuta ta kan sake kamanni, ta rage tsawon gawa. Kada a dogara ga cewar dangi "shi ne" don an same shi a ɗakinsa. Haƙora su ne suka fi jure wuta. A rubuta wushirya, da giɓi, da haƙorin Makka, da zobe, da makulli, da guntun tufa da ya ragu a ƙarƙashin gawar. Akwai kuma gwajin ƙwayoyin halitta da a ke kira DNA, wanda a ke gwada ƙashi ko haƙorin mamaci da jinin iyayensa ko 'ya'yansa. In mamata suna da yawa, kamar gobarar motar fetur ta Majiya a Jihar Jigawa cikin Oktoba, 2024, wadda ta ci mutum fiye da 150, a ba kowace gawa lamba, a ɗauki hotonta, a rubuta abin da aka samu tare da ita da inda aka binne ta, sa'an nan a buɗe rajistar waɗanda danginsu ke nema.

KASHI NA HUƊU: AIKIN HAKIMI DA MALAMI

1. A aika wa 'yan sanda nan take, a rubuta lokacin da aka aika da sunan ɗan aike.
2. A kewaye wurin da igiya, a sa dogari ko amintaccen mutum ya tsare. Taron 'yan kallo ya fi ruwan sama ɓata sawu.
3. Kada a juya gawa, ko a wanke ta, ko a tuɓe ta. A lulluɓe ta da tsabtataccen zane.
4. A ɗauki hoto da waya, na nesa da na kusa, a ajiye rula a gefen kowane rauni. A zana taswirar wurin. Kada a watsa hoton ga jama'a.
5. Kada a taɓa bindiga, ko a zura sanda a bututunta, ko a share ta. A ɗauka a ɗure ta ke.
6. Harsashi da kwanso a bar su inda su ke, a kifa musu ƙwarya. In tilas ne a ɗauka, a naɗe kowanne dabam a takarda, kada a kama shi da ƙarfe.
7. Tufa mai jini a shanya ta a inuwa, a sa ta a jakar takarda. Leda tana sa ta ruɓe. In an yanke riga don ceton rai, kada almakashi ya bi ta kan hudar.
8. Kada wanda a ke tuhuma ya wanke hannu ko ya sake riga. Ƙurar albarushi ta kan kakkaɓe daga hannun mai rai cikin 'yan sa'o'i.
9. A gobara, kada a share toka. A rubuta ko an ji warin fetur ko kananzir, ko ƙofa a kulle ta ke, ta ciki ko ta waje.
10. Kowane abu da aka miƙa wa 'yan sanda a rubuta shi, mai bayarwa da mai karɓa su sa hannu, da kwanan wata.

Batun jana'iza

Nan ne hakimi zai sha matsi. Dangi suna kuka, an tanadi likkafani, an haƙa kabari, kowa na cewa a gaggauta. Gaggauta jana'iza abu ne mai kyau da addini ya koyar, amma mamaci yana da hakkin jininsa, wanda a ke zargi kuma yana da hakkin kada a zalunce shi. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, a zamanta na Makka a 1987, ta halatta binciken gawa in alƙali yana bukatarsa don gano sanadin mutuwa a shari'ar laifi. Ya kamata hakimi ya kira liman da manyan dangi gefe, ya yi musu bayani da lallashi, ya kuma matsa wa 'yan sanda da asibiti su hanzarta. Ba hakimi ke ba da iznin binne gawar da a ke shakkar mutuwarta ba, wannan na hukuma ne ta hannun 'yan sanda da alƙalin binciken mutuwa. Jinkirin yini guda ya fi tonon kabari bayan wata uku sauƙi ga kowa.

Misalin rahoto

Rahoto marar amfani shi ne: "Mun tarar Wane ya harbi Wane a ƙirji da gangan." Malamin bai ga harbin ba, bai kuma ga zuciyar kowa ba.

Rahoto mai amfani shi ne: "Ran kaza, da ƙarfe 7 na safe, na tarar da gawar namiji a rigingine, kai gabas, taki 12 arewa da rijiya. A ƙirjin hagu, santimita 5 ƙasa da nono, akwai huda ɗaya zagayayyiya, faɗinta santimita 3. Riga ta yi baƙi kewaye da hudar, faɗin tafin hannu, zarenta a babbake. Bindigar toka tana ƙasa, taki 2 daga hannun dama. Ban juya gawar ba. Wane ya ce mini ya ji ƙara ɗaya bayan sallar asuba."

A lura yadda ya raba abin da ya gani da abin da aka gaya masa. Irin wannan takarda ko bayan shekara goma likita zai karanta ta ya amfana, lauya kuma ba zai sami inda zai kama malamin ba.

TAMBAYOYI DON BITA

1. Waɗanne abubuwa biyar ke fita daga bakin bindiga, wanne ne kuma ruwa ke wankewa?
2. Don me ba a so malami ya rubuta "mashiga" ko "mafita"?
3. Yaro ya ƙone a ƙafafu biyu, ƙunar ta yi iyaka a miƙe a idon sawu. Uwar riƙonsa ta ce tukunya ce ta kife masa. Me za ka rubuta, wa za ka sanar?
4. An fitar da gawa daga gobara, hannuwa a dunƙule, kai a fashe. Jama'a na neman a kama maƙwabcinsa. Me za ka gaya musu?
5. Dangi sun zo da likkafani, 'yan sanda ba su iso ba tukuna. Yaya hakimi zai yi?